Lamba Arba'in da Bakwai

Asabar, biyu saura kwata,
ƙafafuna suka kai ni Titin Tanyard ban aike su ba.
Babu fili. Kanti ne yanzu,
mai ƙofar gilashi da ke buɗe wa kowa
ko bai yi sallama ba.

Na auna da taku daga bangon tsohuwar masaƙa:
talatin da ɗaya, ka karkata hagu.
Nan ne ɗigon fanareti.
An shafe shi da kwalta, an rubuta arba'in da bakwai,
wata jar mota ta kwanta a kai tana ɗigar mai.
Nan muka zuba tokar babana
shekarar da muka faɗa rukuni na uku,
cikin dare, ni da Dermot,
mai gadi ya karɓi na goro ya kalli sama.

Dermot ya rantse ba zai taka sabon ba.
"Alwyn," in ji shi, "sun ce ƙaura. Ni sata na gani.
Mil goma sha ɗaya, bayan babbar hanya,
tsakanin sito da sito,
sun liƙa masa sunan kamfanin inshora a goshi.
Wa ya taɓa zubar da hawaye don inshora?"
Yanzu a kicin yake jin wasa, rediyo a kan firji,
tikitocin shekara arba'in cikin gwangwanin biskit,
yana zagin alƙalin da bai gani ba.

Ni kuwa na je. Gara in faɗa da bakina.
Jikata Bethan ta ja ni.
Rufi ba ya yoyo. Kujera tana da majingina.
Na'ura ta ɗauke ni hawa uku,
gwiwata ba ta ce uffan ba.
Na fara mita duk da haka:
shayin tsada, ba sa karɓar tsaba,
ciyawar ta yi kyau har ta zama kamar ƙarya,
waƙarmu in ta tashi sai ta wuce sama,
babu kwanon rufin da zai dawo mana da ita.

Bethan ta bar ni na gama.
Ta ce, "Kaka, a wancan filin naku
banɗakin mata ɗaya ne, sakatarsa a karye.
Mama ta daina binka tana da sha biyu.
Ka taɓa tambayarta dalili?"

Ban taɓa ba.
Shekara talatin ina cewa ƙwallo ce ba ta so.

Saura minti biyu a tashi,
wani yaro da ban iya faɗin sunansa ba
ya sa kai, raga ta girgiza.
Wani ƙato mai warin albasa ya rungume ni,
sandata ta faɗi layi biyu ƙasa,
na yi ihu da muryar da na ɗauka ta mutu.
Sai lasifika ta saki kiɗa
don ta koya mana yadda ake murna.
Amma kafin ta saki,
akwai daƙiƙa uku da ba na kowa ba ne sai namu.

Ban gaya wa Dermot wannan ba.

Shi ya sa yau na zo, Baba, in ba ka labari:
ɗaya da nema. Har yanzu bayanmu a buɗe yake.
Jikanyarka ma za ta zo wasa na gaba,
na kira ta, mun daɗe muna shiru a waya.

Mai jar motar ta iso da kwandon sayayya,
ta dube ni, ta dubi sandata.
"Baba, ka ɓata ne?"
Na ce a'a, ni ina nan, filin ne ya ɓata.
Na matsa gefe
don ta samu ta yi baya.