Abin da Majemi Ya Sani

Shekara talatin da huɗu ina jima
a bayan duwatsun Birni.
Fatar akuya in ta zo hannuna
na san wadda ta sha rani,
na san wadda ƙaya ta yaga tun tana ƙarama.
Toka, kartaji, bagaruwa, karan dafi,
ni ke sa fata ta yi ja
ranar da na ga dama.

Amma jan da na tarar daren Laraba
a fuskar Habsu
ba ni na rina shi ba.

Wata ce, in ji ta, ta sauka Sabon Gari
da 'yar kula mai ƙanƙara da ƙananan kwalabe.
Ba allo a ƙofa, lamba ake kira.
Jaka arba'in,
kuɗin alkakin da ta tara tun kafin azumi.
Biyar a goshi, bibbiyu a gefen ido.
Kwana uku, aka ce, tamoji sun yi ƙaura.

Kafin lisha goshi ya ɗau zafi
kamar dutsen Birni da azahar.
Kafin tsakar dare ya tashi rudu-rudu,
ja wur, yana sheƙi,
fatar ido ta kumbura ta rufe ƙofa.
Tana susa, ina riƙe hannu,
tana ƙwacewa, tana susa.
Famfo kuwa kwanansa shida bai ce uffan ba,
sai na karkata randa
na jiƙa tsumma da ɗan abin da ya saura.
Mun kira lambar.
A kashe take. Har yau a kashe take.

Da na ji numfashinta ya fara fito
irin na buta a kan gawayi,
ban nemi takalmi ba.
Ɗan kabu-kabu ya kwashe mu mu biyu,
goshinta a bayansa, ni ina tallafe da ita
har babban asibiti.

Manzo, mai aikin dare, ya ɗaga fitila:
«Mene ne sunan maganin?»
Shiru.
«Kwalbar fa, kin ga rubutunta?»
Ta ce fara ce, ƙarama.
Bai yi faɗa ba. Ya ce jini ne ya yi bori,
jiki ya ga baƙo, ya ƙi ba shi tabarma.
Allura ta kawo mu, allura ta karɓe mu,
sai ruwa a leda yana ɗiga, yana ɗiga,
har aka kira asalatu.

A nan ta ce, ba ta ko dube ni ba:
«Wani yaro a Kasuwar Dole
ya ce mini, tsohuwa, matsa.»
Na ce yaro ne, bai san bakinsa ba.
Ta ce: «Kai fa?
Wa ya ce goshina kunyar gero ne,
sai shuka kawai ta rage?»

Wasa na yi, bara, a gaban ƙannenta.
Kowa ya yi dariya. Har ita.
Ni da ke kaffa-kaffa da fatar matacciyar akuya
kada kartaji ya zarce.

Yau kwana goma sha biyu.
Kumburi ya sace, jan ya koma ruwan ƙasa,
yana ɓarewa kamar bawon gyaɗa.
Ta koma gaban kasko, zuma na ƙamshi.
Sai dai goshin ya tsaya cik.
Dā a nan nake karanta gidana:
layi ɗaya, cefane bai isa ba,
layi uku, kada in yi magana.
Yanzu allo ne da aka wanke.

Manzo ya ce zai saki, a ba shi watanni.
To.
Ina nan ina jira ta ɗaure mini fuska.