Ludayi da Alƙalami

Shekara ashirin da biyu ina kuku a jirgin dakon kaya,
ina yanka albasa, teku na yanka mini shekaru.
Daga Busan zuwa Rotterdam, tukunyata ɗaure da sarƙa
don kada igiyar ruwa ta kifar da miyar mutum ashirin da uku.
Na san wanda ba ya cin barkono.
Na san wanda idonsa ke cika da ƙwalla
in na dafa kifi da tsamiya irin na uwarsa.

Sai gwiwa ta ce ta gaji.
Likitan kamfani a Manila ya ƙwanƙwasa ta da 'yar guduma,
minti huɗu, ya gama da ni.
Aka turo mini takarda mai shafi tara,
na sa hannu ban karanta ba.
Sai da rani ya zagayo na gane cinikin da na yi:
na sayar da haƙƙin ƙafata a kan kuɗin tsohon babur.

Na koma Iloilo ina ɗingishi, ina da arba'in da bakwai.
Erlinda ta ce, "Rodel, buɗe gidan abinci mana."
Na ce a'a, takardar nan nake son ganewa.
Ta dube ni kamar na dawo da zazzaɓi.

Ajin dare, hawa na uku, fanka ɗaya.
Sa'o'in 'yata suna ba ni kujera, suna ce mini baba.
An ce gemu ba ya hana ilimi;
ba a dai ce ba ya jawo gyangyaɗi ba.
Na faɗi jarrabawar farko.
Na liƙa kalmomin shari'a a bangon kicin,
kusa da gishiri, kusa da tafarnuwa,
har suka kama ƙamshin gida, suka yarda da ni.

Yanzu ina saman wani kantin magani a titin Iznart.
Lauya Salcedo ba ta kai talatin da biyar ba,
ita ke tsayawa gaban alƙali, ba ni ba.
Ni mataimaki ne: na jera fayil, na bi sawun shaida,
na tsare ranar shigar da ƙara kamar shinkafa a kan wuta,
ka makara kaɗan, ta kama.
Albashina bai kai sulusin na jirgi ba,
kuma wani dare nakan farka ina laluben girgizar gado.

Ran wata Talata ana ruwa, mace ta hau matakala
da laima a karye, da ambulan cikin leda.
Ta faɗi sunan mijinta: Efren Tupas, mai zuba wa inji mai.
Na ajiye tabarau.
Shi ne mutumin kifi da tsamiya.
Zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar teku, aka dawo da shi a akwati.
Ta zaro takarda. Shafi tara.
Biro na hannunta, a buɗe.

Na ce, "Baiwar Allah, rufe biron nan tukuna."
Muka bi ta layi-layi, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma,
har shafi na bakwai, inda ramin yake,
inda ni na faɗa.

Wata goma sha huɗu ke nan, shari'ar ba ta ƙare ba.
Kamfani na da lauyoyi shida da haƙurin kada.
Takan zo duk ƙarshen wata, ta zauna kusa da taga.
Da azahar nakan kunna ƙaramin risho a bayan ofis,
in zuba mana mu uku.
Lauya ta ce gishirina ya yi yawa.
Ta kuma ce, jiya a kotu da ta buɗe fayil ɗin Tupas,
alƙali ya ɗaga kai yana neman inda albasa take.