Rabon Gara

Shekara talatin da ɗaya ina hawa tsanin nan
a taskar takardu ta Kolkata,
ni Gourhari Pal, mai ɗauko ƙunshi.
Ba ni da digiri. Ina da tari,
da hanci mai gane shekarun takarda
tun kafin a kwance igiya.

Da damina ta zo, laima na ɗiga, takalmi a hannu,
Malama Sharmistha Bagchi.
Ta miƙo mini lamba a 'yar takarda:
harajin gishiri, gundumar Medinipur,
zamanin da Kamfani ke auna teku da sikeli.
Na hau. Na sauko da jan ƙyalle
da rabonsa da hannun mutum tun kakana na rarrafe.

Gara ta riga mu karatu.
Ta ci jimillar kuɗi, ta bar bashin.
Ta ci sa hannun Bature, ta bar hatimin.
A shafi na tara, can ƙasa,
ƙorafin wata mai dafa gishiri:
an ƙwace mata tukwane goma sha bakwai.
Sunanta ya fara da Tilo,
sauran yana cikin ƙwaro.

Wata bakwai tana zaune ƙarƙashin fanka mai kuka,
tana bin sawun tukwanen nan rijista bayan rijista.
Da la'asar mu sha shayi a kofin yumɓu,
ta ce, ka gani, mace ɗaya ta kai Kamfani ƙara!
Na ce, Malama, shayinki zai huce.

Shafi arba'in ta rubuta,
ta aika wa mujalla can ƙetaren teku,
inda alƙalai biyu marasa suna
ke yanke hukunci ba su ga fuskar mai ƙara ba.
Shekara guda shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Sai ga amsa.
Na farko ya ce madalla.
Na biyu ya ce, mace ɗaya da rabin suna
ba hujja ba ce.
A ƙaro ra'i, a rage tukwane,
a kuma ambaci littafin wane.

Na ga ta cire tabarau,
ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi
alhali babu ƙura.

Ta rage, ta ƙara, ta sake aikawa.
Tilo ta sauka daga kan magana
zuwa ƙasan shafi, lamba ta sittin da biyu,
haruffa ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
masaukin talaka tun fil'azal.

Da aka buga, kuɗin karanta shi sau ɗaya
ya fi cefanen gidana na mako.
Ta kawo mini kwafi. A ƙarshe an rubuta:
godiya ga ma'aikatan taska.
Ni ne ma'aikatan. Jam'i aka yi mini.

Da sanyi ya shigo ta tafi bakin teku,
ta karanta wa wata tsohuwa mai ɗinkin koma.
Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ce,
Tiloka ce, kakar kakata.
Kuma sha tara ne, 'yata,
biyu ta binne a laka kafin su iso.

Malama ta dawo ta zauna a bencina.
Ina zan sa wannan, Gourhari?
Ba lambar ƙunshi, ba shafi, ba hatimi.
Na biyu zai ce, in ji wa?

Wata mai zuwa zan aje aiki.
Jiya na yi abin da doka ta hana:
na rubuta da fensir a guntun takarda,
Tiloka. Tukwane biyu sun tsira.
Na cusa a jan ƙyalle, na ɗaure,
na hau tsani, gwiwa na ƙara.

Na san wadda za ta fara karantawa.
Ina roƙonta, wannan karon
ta fara ci daga gefe.