Gadar da ke Bakina

Ƙwallon dabino ne ya karya ta,
ranar Talata bayan la'asar, a Misfala.
Babu wata ƙara, ɗan ƙas kawai na ji,
sai ga haƙora uku a tafin hannuna,
a jere, kamar sahun da liman ya bari.

Shekara ashirin da biyu tana ƙetarar da ni:
kan tamis mai zafi da ful na safe,
kan kilishin da mutanen Gusau ke kawo tsaraba,
kan goron da nake ci a ɓoye
tun Tabawa na da rai, tana yi mini faɗa.

Ni Tanimu tafinta, abin dariya,
ni da na raka alhazai ba adadi
shagon Bashami a bayan masauki
a maƙala musu haƙorin Makka,
su koma gida suna wangale baki a filin jirgi,
yau ni ne a kishingiɗe, fitila a ido,
ina jiran a fassara mini bakina.

Likitar yarinya ce, sa'ar Rumasa'u.
Ta ɗaga hoton ƙashi a haske, ta ce:
Baba, ba gadar ce ta ci amana ba,
ginshiƙan ne suka ruɓe a ƙarƙashi.
Na ce, 'yata, na san wannan magana,
sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.

Ta ce ana iya sabuwa, mai tsawo,
amma sai an fiƙe lafiyayyu biyu su ɗauke ta.
Na taɓa fiƙata da harshe.
Me ta yi mini, baiwar Allah,
da zan biya bashin maƙwabta da jikinta?

Ta ce akwai dashe, ƙusa cikin muƙamuƙi,
wata huɗu ko shida ƙashi na kama ta,
in suga ya yarda, in ƙashin bai yi siriri ba,
nawa kuwa ya yi, sai an yi masa ciko.
Ta rubuta kuɗin a takarda ta turo.
Na ƙirga sifilin sau biyu,
na ga hayar ɗaki, na ga makarantar jikata,
na ninke takardar gida huɗu.

Saura na roba, mai ƙugiyar ƙarfe,
a sa da safe, a cire da dare.
Ko kuma, ta ce tana kallon ƙasa, a bar giɓin.

Na so in bar shi.
Wa zan yi wa kwalliya a saba'in da huɗu?
Kunu ba ya neman turmi.
Amma da magariba na tayar da kabbara,
na zo kan siraɗal mustaƙim,
sai iska ta tsere ta giɓin, ta yi fito.
Sin ta zama shin, sadi ta zube.
Yaron da ke damana ya danne dariya.
Ni ban yi dariya ba.
Harafin da Malam Ige ya gyara mini da tsumagiya
ba zan mai da shi gurgu a ƙarshen tafiya ba.

Na zaɓi na robar.
Mako biyu yana cizon dasashina,
na koma sau uku ana goge masa gefe,
tsakanin harshe da haƙori ma ai ana saɓawa,
balle baƙon da aka sayo da riyal.
Yanzu mun fara sanin halin juna.
Dabino kuwa, sai na cire ƙwallon da hannu.

Da dare yana kwana a kofin shayin Tabawa,
mai ɗan ɓalle a baki, kusa da carbi.
Jiya jikata ta leƙa, ta ce:
Kaka, haƙoranka suna dariya ba tare da kai ba.
Na ce, ƙyale su, Nusaiba,
sun yi aikin yini, su huta.
Da asuba mu haɗu a Fatiha.