Tudun Bayan Makaranta

Duk Laraba, da an sallame la'asar,
nakan hau tudun bayan makaranta,
nan kaɗai sabis ke yada zango a garinmu,
shi ma zaman baƙo yake, takalmi a ƙafa.
Waya a dama, littafin awon ruwa a hagu,
lakar fadama ta bushe mini har ƙauri.

Mu huɗu ne, ba wanda ya taɓa riƙe hannun wani.
Shirin na Barisal, dare ya riga ya rufa musu,
ina jin tana lallashin yaro da ɗaya hannun.
Eusebiyo, can bakin tafkinsu mai sanyi, hantsi bai gama ɗagawa ba.
Usainu na Senegal ne kawai rana ɗaya ke gasa mu.
Turancinmu duk gurgu ne,
kowa da irin ɗingishinsa,
amma a haka muke isa kasuwa.

Na ce musu: kachalla ta cinye mana kogi.
Ta toshe Marma, ta kora ruwa gonar kawuna,
jan-baki sun kama haya a cikinta,
su kwana nan, su karya kumallo da shinkafarmu.
Masunta sun rataye koma.
Mun sare, mun ƙone, ta dawo kamar mai bin bashi.

Eusebiyo ya yi dariya.
Wai a wurinsu 'yar'uwar wannan ciyawa jirgi ce,
wai a kanta aka haifi kakansa.
Raina ya sosu.
Ina kukan annoba, yana kirarin gado.
Sati biyu ban ce masa uffan ba.

Usainu ne ya turo hoto,
sai da ya kwana biyu kafin ya buɗe:
tsohon duro, busasshiyar kachalla, ƙullun rogo,
da baƙaƙen dunƙule a shanye kamar daddawa.
Gawayi, in ji shi.

Na farko, toka.
Na biyu, toka, har da gefen dangar maƙwabci.
Hansatu ta ce in gai da malaman cikin waya.
Ashe kalma guda ce ta ɓace tsakanin bakinsa da kunnena,
ya ce toshe, na ji buɗe.
Na uku ya tafasa mana shayi,
na sha, na ƙona harshe, ban damu ba.

Lambun Shirin mai yawo a kan ruwa kuwa,
mun ɗaura shi yadda ta ce, ni da Sabitu,
kwana tara ya yi, ya nutse da tumatirinsa.
Ta yi shiru, sannan ta ce: ruwanku ba ruwanmu ba ne.
Ba ta ƙara ba, ban ƙara ba.

Ni dai karɓa nake ta yi,
har ranar da ta ce ƙwari sun gama mata irin shuka.
Na yi nauyin baki.
Abin da na sani ba na takarda ba ne:
toka, ganyen darbejiya, ɗan barkono,
a liƙe bakin tulu da yumɓu,
yadda Iya Dije ke yi tun ina bin ta da ƙoƙo.

Ta ce: maimaita, a hankali.
Ta ce: wa ya koya maka? Yaya sunanta?
Ta ɗago littafinta ta nuna mini,
rubutunsu a rataye jikin layi kamar shanya a igiya,
ta ɗora yatsa: ga Dije nan.

Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Haɗeja ba.

Caji ya koma ja, ladan na gyara murya.
Eusebiyo na tambaya ko kachallarmu za ta ɗauki mutum.
Na ce ban sani ba.
Na ce ya turo hoton ɗaurin,
Sabitu ya iya iyo.