Hanya a Cikin Daji

Daga Giwa Tasalla ta zo a bayan babur,
ta naɗe ƙirji da mayafi ninki uku.
Shekara biyu tana shafa sassaƙe,
wai jifa ce.

A Shika malaminmu bai yi faɗa ba.
Ya jawo 'yar kujera ya zauna gabanta,
ya tambayi kuɗin daddawa a kasuwarsu,
sannan ya waiwayo mu:
"Ku fara da gaisuwa.
Ciwon zai jira minti biyu."

Da dare na leƙa madubin likita.
Tsokarta, siririya kamar ɓawon albasa,
ta yi shuni sai ka ce daga marina.
Na ƙirga, na rubuta, na sake ƙirgawa.

Daji ake kiransa, kuma dajin ne.
Na gabanmu ya sare iya ƙarfinsa,
ya miƙo gatarin, guminsa na kan ƙota.

Bayan damina ta dawo,
ɗankwali a kan da ba gashi,
tana riƙe da hannun ƙanwarta.
"Ita ma ku duba ta,
tun abin bai wuce ƙwayar gero ba."