Saura Mutum Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ina tashar Jega,
maƙogwaro ne jarina, ba ni da gona.
Ni ne Nomau kamasho, mai kiran Birnin Kebbi:
"Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"
Alhali kujeru biyar yaranmu ne a kai,
'yan zaman cika ido,
in fasinjan gaske ya zo su sulale
kamar masu zuwa kama ruwa.

Bana aka ce za a zaɓi kwamitin sufuri,
daga nan har Aliero, har Maiyama da ƙauyukan bakin gulbi.
Kujera shida ta direbobi da masu mota,
ta bakwai, wai, ta waɗanda ake ɗauka.
Muka yi dariya har shayi ya sarƙe Gado:
yaushe buhun albasa ya fara zaɓen mota?

Alhaji Tunau mai bas bakwai
ya tsayar da ƙanin matarsa,
yaron da bai taɓa biyan kuɗin mota ba.
Hotonsa har a jikin randar masallaci.

Sai ga Inna Ige ungozoma,
ba hoto, ba lasifika,
sai tsohon littafin awo da ta cika da lissafi:
motar Kimba, zaman awa huɗu;
motar Maiyama, mutum uku a gaba, birki sai an haɗa da salati.
Ta ce mota ta tashi da agogo, ta cika ko ba ta cika ba.
A rubuta kuɗin kowace hanya a bango,
da fenti, ba da alli ba.
A bar mota guda ta kwana da mai a cikinta,
don ciwon dare ba ya sallama.

Ni na san abin da ya fito da ita.
Daminar bara waccan, ran Laraba, bayan la'asar,
Sahabi ya kawo Kulu, haihuwa ta zo da gardama,
an ce musu sai Birni.
Ba shi da kuɗin shata.
Na zaunar da su a baya, na koma bakin kirana.
Saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya,
har ladan ya karɓe ni da kiran magariba.
Ige ce ta durƙusa tsakanin kujeru,
ta yi labule da mayafinta.

Mutum ɗayan ya zo.
Bai yi kuka ba.

Ranar ma na karɓi la'adata.

Daren zaɓe aka aiko min taliya da dubu biyu a naɗe.
Na karɓa, ba zan ɓoye ba, yara sun ci.
Gado ya ce, "Kai wanga, yi hankali,
in mota ta koma bin agogo,
wa zai sayi maƙogwaro?"
Gaskiyarsa. Na kwana ina juya ta kamar waina,
ba gefen da ya gasu.

A firamaren bayan kasuwa aka ajiye akwati.
Mata masu kifi, ɗaliban Aliero,
wani tsoho da ya yi sammako a ƙafa
don motar garinsu ba ta cika ba.
Na yi ta ba mutane hanya, ina komawa baya,
har inuwar dalbejiya ta tsallaka katanga.
Malamin zaɓe ya ɗaga kai, ya duba layi,
ya ce wa na kusa da shi,
"Kada a rufe, saura mutum ɗaya."

Ban taɓa jin ta daga bakin wani ba.
Ashe haka take da nauyi.

Na dangwala. Tawadar tana nan a babban yatsana,
sabulun Alhaji bai fitar da ita ba.
Ban tsaya ƙidaya ba,
an ce sun kai dare da fitilar waya, har da musu.

Da asuba na leƙa motar farko,
na sallami yaran, na ƙirga kujeru da yatsan nan,
na gyara murya:
"Birnin Kebbi! Saura mutum shida!"
Direba ya leƙo ta taga,
yana tambaya ko lafiya.